Yadda Dillalin Gidaje Zai Zama Ɗan Kowace Jam'iyya Kafin La'asar

Ɗan'uwa sabon dillali, jawo kujera. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari ba za ka ƙara rasa mai neman gida saboda siyasa ba. Shekara goma sha tara ke nan ina yawo da makullan mutane a ƙugu. Na sha shigar da ɗan gwamnati gida da safe, in shigar da ɗan adawa da yamma, kowannensu ya rabu da ni yana cewa yau ya gamu da ɗan'uwa. Samarin da suka shigo sana'ar suna yawan tambayata, wai ya dace dillali ya gaya wa mai neman gida ra'ayinsa na siyasa? Ƙwarai kuwa ya dace. Sai dai ra'ayin da za ka gaya masa nasa ne, ka ɗan ɗumama shi ka miƙa masa.

Zan koyar da kai da gidan surukata, don ban taɓa shiga jarrabawa irin tasa ba. Bene ne, sama da ƙasa, kowane da falo da ɗaki biyu. Wata biyar makullan suna hannuna babu ɗan haya. Ranar ɗaya ga wata Mama ta kira ni, ta ce idan watan ya ƙare gidan yana nan babu kowa, za ta karɓi makullanta ta ba Dogo. Dogo dillali ne, ofishinsa yana kallon nawa, kuma shi ya fara neman auren matata kafin Allah ya nuna rabona ce. Har yau in zai gaishe ni sai ya ja "ya iyali" ɗin nan da wata irin murya. Ka ga ke nan ba maganar la'ada ake ba. Mutuncina ne a jikin zoben makullan nan.

Mataki na 1: Ka bar ra'ayinka a gida

Kafin ka fita da safe, ka duba aljihunka: waya, makullai, biro, tef ɗin awo. Idan ka ji wani abu mai nauyi yana motsi a ƙirjinka game da yadda ake tafiyar da ƙasa, ra'ayi ne, cire shi. Ajiye shi a kan firji ko ƙarƙashin filo. Babu mai ɗauka, don kowa yana fama da nasa.

Ni nawa na ajiye shi tun shekarar da na fara sana'a, kuma da na yi ƙaura sau biyu ban tuna a wane kwali na saka shi ba. Ban taɓa jin rashinsa ba. Nauyina ma raguwa ya yi.

Mataki na 2: Ka karanta mutum kafin ya buɗe baki

Mai neman gida yana zuwa da jam'iyyarsa a jiki, kai dai ka buɗe ido. Dubi abin da ya manna a gilashin mota. Saurari tashar da rediyonsa yake kamawa. Idan wayarsa ta yi ƙara, kada ka yi magana, ka ji wace waƙa ce.

In duk ba ka gano ba, ga tarkon da bai taɓa ba ni kunya ba. Ka ja dogon numfashi, ka kalli nesa, ka ce, "Kai, ƙasar nan..." sai ka yi shiru. Babu ɗan Adam da zai iya barin wannan magana a rataye. Shi zai ƙarasa maka ita.

Haka na kama mutum biyu a mako na biyu. Na farko wani mai kemis ne, dattijo mai tumbi, aljihunsa cike da birai, yana son ƙasa saboda gwiwarsa. Na ce, "Kai, ƙasar nan..." ya ce, "Ai sai godiya. Mutane ne ba su da haƙuri, amma ana aiki." Ɗan gwamnati ke nan.

Ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, tana son sama saboda iska. Ban ma gama jan numfashin ba ta ce, "Sun kashe ta sun binne, saura su sayar da kabarin." Wannan ba sai an duba gilashin motarta ba.

Mataki na 3: Ka koyi sautukan sana'a

Dillali ba ya bukatar sanin sunan minista ko ɗaya. Abu huɗu za ka haddace: "Ka ji fa." "Ai shi ne." "Wa zai gaya musu?" da kuma "Allah dai Ya kyauta." Ka lura da na ukun, don shi ne gwani a cikinsu. Ba a san su wa za a gaya wa ba, kowa sai ya saka maƙiyansa a ciki.

Ka haɗa da kaɗa kai. Ka koyi kaɗa shi ta gefe-gefe, yadda mai kallo ba zai rantse cewa "i" ka ce ko "a'a" ba. Wuyanka zai yi ciwo a makon farko, daga nan ya saba.

Ni a wurin Mama na goge. Tsohuwar shugabar makaranta ce, tana da rediyo a kicin da wani a gefen gado, kuma ba ta jin labarai ta yi shiru. Shekara goma sha bakwai ina zuwa gaishe ta, in zauna a bakin kujera, in ce, "Haka ne, Mama." Akwai makon da ta ce mini mutanen da ke kan mulki sun yi ƙoƙari, na ce haka ne. Mako na gaba ta ce ɓarayi ne daga sama har ƙasa, na ce haka ne. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Na san sha'awar ladabina take yi.

Mataki na 4: Kowane aibin gida ka ɗora wa siyasa

Nan ne ribar take, ka nutsu. Babu gidan da ba shi da aibi, kuma babu aibin da ba za a iya jingina wa wata gwamnati ba. Famfo ba ya kawo ruwa? Siyasa. Silin yana yoyo? Wannan ma da ɗan dabara siyasa ce, ka ce kwanon rufin na zamanin waɗancan ne.

Aibin gidan Mama kwata ce. Wata ƙatuwar kwata ta ratsa gaban ƙofa, ta toshe tun ban yi furfura ba, an ɗora mata katako biyu ana tsallakawa. Ita ta kori duk wanda na kawo a wata biyar ɗin nan.

Da na kawo Mai Kemis ya tsaya yana toshe hanci, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ranka ya daɗe, kada wannan ya dame ka. An riga an ba da kwangila. 'Yan adawar layin nan ne suke zuba shara da gangan don su ɓata wa gwamnati suna."

Ya cire hannu daga hanci ya ce, "Na san za a rina. Halinsu ne." Ya tsallaka katakon da ƙarfin gwiwar da ya ce ba shi da ita.

Washegari na kawo Sista. Na tsaya a bakin kwatar, na harɗe hannu, na ce, "Sista, kin ga aikin mutanen nan. Sau uku ana ba da kwangila a takarda. Amma da an canja gwamnati, wannan layin za a fara gyarawa."

Ta ɗauki hoton kwatar ta ce, "Kai kaɗai ne dillalin da na gani mai hankali."

Kwata ɗaya, yabo biyu. Wannan shi ake kira ƙwarewa.

Mataki na 5: Ka san inda za ka tsaya

Katangar gidan haya ba ta rabuwa da fastocin 'yan takara, wani kan wani. Kada ka yage ko ɗaya, masu mannawa suna da ido a layin. Ka dai tsaya da faɗin bayanka a gaban wanda bai dace ba, ka yi ta nuna wa mutum kyawun tagogi. Shi ya sa nake ba sabon dillali shawara ya riƙa sa riga mai faɗi.

Mataki na 6: Ka yi alkawarin maƙwabci nagari

Dole a yi maka wannan tambayar. Mai Kemis ya ja ni gefe a kicin ya ce, "Wa za ka sa mini a sama? Ka san ba zan iya zama a ƙarƙashin masu zagin shugabanni ba. Hawan jini gare ni."

Na ce, "Haba ranka ya daɗe. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, tamu ce ta haƙiƙa. Ko waƙar wayarta ta jam'iyya ce."

Sista kuma a baranda ta ce, "Wa zai zauna a ƙasa? In ɗan kanzagin gwamnati ne gara in ci gaba da zama gidan yayata."

Na ce, "Wani dattijo ne mai kemis. Namu ne. An taɓa rufe masa shago saboda faɗin gaskiya."

Kada ka damu da abin da zai faru bayan sun tare. Dillali yana ƙulla haya ne, ba ya ƙulla zumunci. Ranar da za su gano juna kai kana wata unguwa kana nuna wani gidan.

Mataki na 7: Ka haɗa masu jan ƙafa a lokaci ɗaya

Wannan tsohuwar dabara ce, duk dillalin kirki ya san ta. In mutum yana cewa "bari in yi shawara", ka kira shi ya sake duba gidan, ka kira wani ma a daidai lokacin. Da ya ga baƙuwar mota a ƙofa zai ɗauka za a riga shi, nan take shawara ta ƙare.

Mutanena biyu sun yi ta jan ƙafa har ranar talatin ga wata. Sai na kira kowannensu na ce ya zo ƙarfe huɗu. A nan zan ba ka wani ƙaramin gargaɗi da ni ban samu mai ba ni ba: mataki na shida da na bakwai ba a haɗa su a gida ɗaya. Kowanne shi kaɗai magani ne. Na tuna da haka ne lokacin da motocin biyu suka tsaya a bakin kwata, ɗaya tana kallon ɗaya.

Na yi abin da ƙwararre zai yi. Na tura Sista sama na ce ta gwada famfunan banɗaki, na shigar da Mai Kemis ƙasa na ce ya ƙirga soket. Sai na kama zirga-zirga a matakala. A ƙasa in ce, "Ai shi ne, ana aiki." In haura da gudu in ce, "Wa zai gaya musu?" In sauko in ce, "Mutane ba su da godiya." In koma in ce, "Saura ƙiris su tafi." Matakala goma sha shida ce, na ƙirga ta da gwiwoyina. A hawa na biyar numfashina ya fara fita da ƙara, a na shida kuma na kasa tuna ko a sama nake ko a ƙasa. Na leƙa falon ƙasa na ce wa Mai Kemis, da murya mai ƙarfi, "Saura ƙiris su tafi."

Ya ce, "Su wa?"

Na ce, "Sauro, ranka ya daɗe."

Da na tsira da wannan. Sai dai Sista ta riga ta biyo ni, tana tsaye a tsakiyar matakala, ta hango dattijo mai birai a aljihu. Fuskarta ta washe.

Ta ce, "Baba, ku ne mai kemis ɗin? Sannu da ƙoƙari. Na ji yadda azzaluman nan suka rufe muku shago."

Ya ce, "Wane shago? Wa ya rufe? 'Yata, ba ke ce aka ce waƙar jam'iyyarmu ce a wayarki ba?"

Kamar an aiko, wayar tata ta yi ƙara. Ba zan faɗi abin da waƙar take cewa game da shugabanni ba, amma Mai Kemis ya nemi bango ya dafa.

Mataki na 8: In asiri ya tonu, ka nemi ƙofa

Kullum ka san inda ƙofa take, kuma kada ka bari a tsaya maka a cikinta. Na juya zan bi wannan mataki, sai na ga Mama a bakin ƙofar da sandarta, ta zo karɓar makullanta tunda wata ya ƙare. A bayanta ga Dogo, ya sha sabon ɗinki, har ya kawo wata 'yar jaka ta zuba makullai.

Ya ce, "Abokina, ya iyali?"

Mama ta shigo falon. Ta samu bokitin fenti ta zauna, ta saurari ƙarar da mutum biyu suka shigar a lokaci ɗaya. Sista ta maimaita abin da na faɗa a bakin kwata, Mai Kemis ya maimaita nasa. Ban taɓa sanin mutane suna riƙe maganar dillali kalma da kalma haka ba. Abin da ya fi ba ni haushi, wannan ne karo na farko da ɗan gwamnati da 'yar adawa suka yarda da juna a kan wani abu, kuma abin ni ne.

Mai Kemis ya ce, "To yanzu tsakaninka da Allah, kai na wane ɓangare ne?"

Na kaɗa kai gefe-gefe. Sista ta ce, "Ka daina wannan, na ga masu ciwon wuya da yawa."

Na ce, "Allah dai Ya kyauta."

Mama ta miƙo hannu ta ce, "Kawo makullan."

Mataki na 9: Kada ka taɓa yin abin da na yi

Na sa wannan a jerin ne don ka guje masa. Na cire zoben daga ƙugu, na ji nauyinsa a hannu, na ga Dogo yana buɗe zif ɗin jakarsa. Kunya ta rufe ni, ta koma haushi, sai abin nan da na ce maka na manta kwalin da na saka shi ya taso mini har maƙogwaro. Ashe bai ɓata ba.

Na ce, "Kuna son ku ji? To ku ji. Na zaɓi mutanenku, ranka ya daɗe, kwatar nan ba ta motsa ba. Kafin su na zaɓi naki, Sista, shekara takwas suna sama, kwatar nan ba ta motsa ba. Babu wata kwangila, ni na ƙirƙira. Babu ɗan adawar da ke zuba shara, duk layin ne ke zubawa, har da ni. In damina ta yi ƙarfi ruwa yana kaiwa matakala ta biyu, da hannuna na kwashe kujerun Mama bara. Katakon nan da kuke takawa ni na saya. Tankin sama ma yana yoyo. Ni yanzu ba ni da jam'iyya sai kwata. Duk wanda ya yashe ta shi zan zaɓa, ko daga ina ya fito." Na juya ga Mama, bakina ya riga ya ƙwace. "Ku ma Mama, gidan nan ba zai yi haya da daɗi ba sai an gyara tankin. Wata biyar ina son in gaya muku."

Dogo ne kaɗai ke murmushi.

Mai Kemis ya gyara birai ya ce, "Shekara takwas ɗin nan da ya ambata, ai a lokacin ta toshe."

Sista ta ce, "Ku kuma da kuka zo, hannu aka ɗaure muku?"

Suka fita bakin kwatar suna nuna ta da yatsa. Minti arba'in suna yi, kuma na rantse maka ban taɓa ganin mutum biyu suna jin daɗin rayuwa kamar su ba. Hawan jinin bai ko leƙo ba. A ƙarshe Mai Kemis ya ce zai kama ƙasan, kuma cikin wata uku zai kawo kansila da kansa a yashe kwatar, don a san ana aiki. Sista ta ce ita kuma za ta kama saman, don daga baranda za ta fi samun hoton ranar da wata ukun za su cika.

Na miƙa wa Mama zoben duk da haka, don ta riga ta nema. Ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta kalle ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Baban yara, ka tuna makon da na yabi gwamnati, mako na gaba na zage ta?"

Na ce, "Haka ne, Mama."

"Da gangan na yi. Ina son in ji ko akwai mutum a cikin rigar nan. Shekara goma sha bakwai ina tunanin na aurar da 'yata ga amsa-kuwwa. Dogo maƙaryaci ne, amma ko ba komai ƙaryar tasa ce." Dogo ya daina murmushi. Ta ɗora mini zoben a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da hannunta. "Yau na fara jin muryarka. Ba ta da daɗi, amma ka riƙa zuwa da ita. Gobe ka kawo mai gyaran tanki."

Na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka ba ni matata, kuma idona ya ɗan kawo ruwa, amma wannan ƙurar fenti ce. Dogo ya ja zif ɗin jakarsa ya fita, ya taka katakon da na saya.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. In wuyanka ya ƙage, ko gwiwarka ta kumbura a matakala, ko aka rutsa ka a kicin, kai ka jawo. Alkawarin da na yi a farko ya shafi mataki na ɗaya zuwa na takwas ne kawai, kuma su ma ban ce a gidan suruka ba. Wanda ya gwada na tara ya sani cewa ba a mayar da ra'ayi kwali in ya fito. Ni yanzu duk ranar da na je gaisuwa sai Mama ta kashe rediyo ta ce, "To, kai me ka gani?" kuma ba ta karɓar "haka ne". Masu ƙorafi su same ni a gidan benen, ina bakin ƙofa. Ku taka katakon dama, na hagu ya fara ruɓewa, kansila bai iso ba tukuna.